Me ya sa gidan adana tarihi ya ajiye salsalarmu gefe ya ɗauki rasidin haraji?

Tambaya daga wani magidanci a ƙasar Jahun, Jihar Jigawa: "Kakanmu ya rasu ya bar adaka cike da takardu. Mu jikoki muka zauna muka haɗa salsalar gidanmu, aka buga mana ita da kwamfuta a babbar takarda, ta kai mu har Gabas. Na kai ta wani gidan adana takardun tarihi tare da 'yan tarkacen da ke cikin adakar. Ma'aikacin ya duba salsalar sama-sama ya ajiye ta gefe, sai ya shiga jujjuya tsofaffin rasidan haraji da wasiƙun ajami da wata takardar rabon gado, har yana tambaya ko da saura a gida. Da wane ma'auni suke zaɓen abin da za su karɓa? Ko sai ɗan gidan sarauta ake ajiye tarihinsa?"

Allah ya jiƙan kakanku, Malam, ya sa ya huta. Na daɗe ina wannan aiki, ina bin ƙauyukan Kano da Jigawa ana buɗe mini adaka da gafaka, kuma da ni ka tarar a kan teburin nan, abin da ma'aikacin ya yi shi zan yi. Bai raina gidanku ba. Tambayar da ya yi maka, ko da saura a gida, ita ce shaidar cewa ya ga abin kirki.

Kafin a kai ga darajar takarda, kowane gidan adana tarihi yana da huruminsa, kuma shi yake fara dubawa. Na gwamnatin tarayya, wanda aka kafa a Ibadan a 1954 ƙarƙashin Kenneth Dike, reshensa na Kaduna shi ke riƙe da fayilolin mulkin Arewa, na Razdan da Di'o da En'e. Gidan Arewa a Kaduna, tsohon gidan Sardauna da ya koma cibiyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1970, ya fi karkata ga takardun shugabanni da rubuce-rubucen malamai. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano tana kallon abin da ya shafi ƙasar Kano. Takardunku sun shiga hurumin fiye da ɗaya daga cikin waɗannan, domin kafin a yanke Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Jahun gunduma ce a ƙasar Kano, kuma duk wata takardar hukuma da kakanku ya riƙe takardar Kano ce. Abin da ake nema shi ne igiyar da ta ɗaure takarda da ƙasar. Mutumin da ya tashi daga ƙauyenku ya tafi hajji a ƙasa ya zauna a Sudan, wasiƙar da ya aiko gida tana cikin hurumi ko da a bakin Kogin Nilu aka rubuta ta, tunda tana faɗin wane ne ya tafi da wanda ya bari a gida.

In takarda ta wuce wannan ƙofa, sai a yi mata tambayoyi uku: wa ya rubuta ta, yaushe, kuma don me? A nan ne salsalarku ta bugun kwamfuta ta sami kanta a bayan rasidin haraji.

Duk salsalar da na taɓa riƙewa hawa-hawa take. Akwai hawan da masu rai suka sani da idonsu, uba da kaka, wani lokaci da kakan uba. Akwai hawan da aka ji daga bakin wanda ya gani. Daga nan sai hawan da kowa ya ji ne daga wanda ya ji, wanda yakan ƙare a Borno ko Malle ko Futa Toro ko Yaman. Hawa na farko da na biyu sukan yi ƙwari. Na uku shi ne inda suna yake zubewa, ko a mai da wa da ƙani su koma uba da ɗa saboda sun yi sarauta ko limanci ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma al'adarmu ta yi wa kaka takwara, da za ka tarar da Muhammadu uku a jere, jika bai san na wane ake ba da labari ba. Ga alkunya, wadda takan sa a san mutum da Mai-gari ko Baba ko Ɗan'azumi har sunan yankansa ya ɓace. Ma'aikacin da ya san aikinsa yakan yi ɗan lissafi a zuci: tsakanin uba da ɗa a ƙaddara shekara 30, ko ma 40 a gidan da dattijo ke haihuwa har tsufa. Daga jihadin 1804 zuwa yau an haura shekara 220, ka ga ana bukatar iyaye shida zuwa takwas kafin a kai can. Salsalar da ta kai zamanin sahabbai da suna goma sha biyar kuwa, akwai sunaye da yawa da suka faɗi a hanya.

Kada ka ɗauka ana nufin ƙarya kuka yi. Sukar nasabar mutane abu ne da hadisi ya lissafa cikin ɗabi'un jahiliyya, kuma gidan adana tarihi ba kotun tantance asali ba ne. Salsala ita ma shaida ce, amma shaidar abin da gidan ya yarda da shi a shekarar da aka rubuta ta. Za ta yi daraja matuƙa in an san wane tsoho ne ya faɗi wane suna, a wace rana, da inda baffa da gwaggo suka saɓa. Matsalar ta bugun kwamfuta ita ce ta goge duk wannan. An zauna an daidaita saɓani, an fitar da reshe ɗaya mai tsabta, an yar da takardun da aka yi ta karce-karce a kansu. Ni da za a ba ni zaɓi, waɗancan takardun na karce zan ɗauka.

Rasidin haraji kuwa ba wanda ya rubuta shi don a yaba wa gidanku. Malamin haraji ya rubuta shi ne don kada a ce ya ci kuɗi, kakanku ya adana shi ne don kada dogari ko ɗan doka ya tare shi a hanyar kasuwa. Ba mai wata manufa a kan tarihi a cikinsu, shi ya sa ake yarda da shi. Yana faɗin cewa mai wannan suna baligi ne, yana raye, yana zaune a ƙarƙashin wannan dagaci a wannan shekara. In aka jera guda ashirin, za a ga shekarar da ya fara biya, da shekarar da sunan ƙauye ya canja saboda ƙaura, da shekarar da ɗansa ya fito da nasa rasidin. In da na jangali a ciki, an san gidan masu shanu ne. Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, kuma yawancin mutane tun a lokacin suka zubar da nasu ko yara suka ƙunshe ƙosai da su. Wanda ya tsira ya zama abin nema.

Takardar rabon gado ta fi su duka, kuma ina zaton ita ce ta sa ma'aikacin ya gyara zama. Dalili shi ne yadda ake yin ta. Ba a raba tarika, wato dukiyar da mamaci ya bari, sai an ƙidaya magada ɗaya bayan ɗaya a gaban alƙali ko wakilinsa, da shaidu, kuma kowane magaji yana zaune yana sauraro, domin duk wanda aka ƙara a lissafi daga rabonsa za a rage. Da wuya a ƙirƙiri ɗa a irin wannan zama, da wuya kuma a manta da wani a yi shiru. Kotu ma tana da nata dalilin na yin taka-tsantsan, tunda a zamanin En'e ana cire ushira daga dukiyar. Sannan ita ce takarda guda da dole ta ambaci mata. Salsalolinmu kusan duka maza suke bi, wane ɗan wane ɗan wane, kamar ba uwa ce ta haife su ba. Amma shari'a ta yanka wa mace rabonta, don haka muhuti ya rubuta sunan matar da ta karɓi tumunin takaba, da 'ya'ya mata, da uwa in tana raye. Daga nan ake gane auratayya tsakanin gidaje da garuruwa, wadda ita ce ainihin yadda dangi ke yaɗuwa a karkara. In an zo kan gona kuma sai an faɗi iyakokinta, gabas ta yi iyaka da gonar wane, arewa da burtali, ka ga takardar gidanku ta zama shaida ga maƙwabta huɗu da ba su ajiye komai ba. Littattafan shari'ar majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914 sun tsira, kuma masu bincike sun ciro rayuwar talakawan wancan zamani daga cikinsu fiye da yadda za a samu a kowane jerin sunayen sarakuna. Na kotunan alƙalan karkara da yawa gara da yoyon ɗaki sun cinye su, saboda haka kwafin da ke hannun iyali wani lokaci shi kaɗai ya rage a duniya.

Wannan ya kawo mu ga maganar ko akwai irinta a wani wuri. Ana yawan kawo mana littattafan karatun zaure, Ahalari da Ishmawi da Risala, bugun kasuwa, a ce na kaka ne. Albarkarsu tana nan, amma akwai dubbansu, ba za a ba su gurbi ba. Sai dai ba a mayar da su sai an buɗe bangon farko da na ƙarshe, saboda a nan malaman da suke rubuta haihuwa da rasuwa: an haifi wance ranar Talata, kaza ga Rajab, wane ya rasu daren Juma'a bayan sallar layya. Layi biyar na irin wannan rubutu sukan fi littafin gaba ɗaya amfani ga mai neman tarihin iyali. In rubutun hannu ne, ana ɗaga takardar a hasken rana a duba tambarin da ke cikin jikinta. Wadda fatake suka riƙa kawowa ta hamada daga masana'antun Italiya tana da alamar jinjirin wata uku a jere. Tana nuna tsufa, amma ba ta yanke shekara, domin an daɗe ana yin irinta kuma malami yakan ajiye farar takarda shekaru kafin ya rubuta. Abin da ya fi yanke shekara shi ne in marubucin ya jingina da wani abu da kowa ya sani: Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, shigowar Turawa Kano a 1903, yaƙin Haɗeja na 1906, isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, yunwar 1914. Tsoho ba zai ce maka 1914 ba, amma zai ce an yaye babansa a shekarar yunwa, kuma wannan ya isa.

Akwai wani abu da ke yaudarar sababbin ma'aikata. Wani ɗan boko a gidan ya je Kaduna shekarun baya ya karanta rahoton da wani Di'o ya rubuta kan gundumarsu, ya dawo ya ba dattawa labari, bayan shekara ashirin sai dattawan su ba ka shi a matsayin abin da suka gada daga kakanni. Kai kuma ka je Kaduna ka ga ya yi daidai da fayil, ka yi murna ka sami shaidu biyu, alhali shaida ɗaya ce ta zagayo. Shi ya sa ake tambayar tsoho daga wa ya ji, kuma shi ya sa ba a karɓar fotokwafin abin da asalinsa yana ajiye a wata ma'adanar.

Sai maganar mallaka, wadda ita ce ta fi hana takardu masu kyau shiga. Adakar kakanku gado ce. Kai ka ɗauko ta, amma baffanninka da gwaggwanninka da 'ya'yan waɗanda suka rasu duk suna da haƙƙi a ciki. Gidan adana tarihi mai hankali ba zai karɓa daga hannun mutum ɗaya ba sai ya ji bakin manyan gidan, saboda an sha ganin a karɓi kaya yau, bayan shekara biyu wani ɗan'uwa ya zo da takardar sammaci. Hanyoyin karɓa uku ne: ko ku bayar kyauta ta zama mallakar ma'adanar, ko ku ba da ajiya, amana, kuna iya karɓar abinku bisa sharaɗin da aka rubuta, ko kuma a ɗauki hoton kowane shafi a bar muku asalin. Saye kuwa ni ba na goyon bayansa a kan takardun iyali. Ranar da aka ji a ƙauye cewa tsohuwar takarda tana kawo kuɗi, daga ranar yara za su fara zare shafuka daga gafakar kakanninsu, kuma shafin da aka zare daga cikin 'yan'uwansa ya rasa rabin ma'anarsa. Ana son a san a wane gida takarda ta kwana, a hannun wa da wa ta bi, da abin da aka same ta tare da shi. Wasiƙar da ba ta da kwanan wata, in an same ta a naɗe cikin rasidin 1948, ta sami shekara. Saboda haka kada ku tsaya gyara adakar, ku ware na Larabci gefe, na boko gefe. Yadda marigayin ya bar ta, haka ake son ganinta.

Ana kuma duba abin da takarda za ta iya jawowa in ta fita. Wannan magana ce mai nauyi a ƙasarmu. A cikin adakoki akwai takardun fansar kai da na 'yanta bayi, akwai rabon gadon da aka lissafa mutane a cikin dukiya. Turawa sun shelanta cewa duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma jikokin mutanen nan suna nan, wasu maƙwabtanku ne, wasu surukanku. Ga mai tarihi takardun suna da matuƙar muhimmanci, domin su kaɗai ne suka riƙe sunayen mutanen da ba wanda ya rera musu kirari. Amma takarda guda tana iya rusa baikon yarinya a ƙauye. Haka shari'ar da aka musanta cikin wani, ko rikicin gona da bai mutu ba. Irin waɗannan ana karɓarsu, sai a rufe su na wasu shekaru da aka yi yarjejeniya a kai, ko a bar mai bincike ya karanta bisa sharaɗin ba zai fitar da suna ba. Ga bayanan masu rai kuma yanzu akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023. Kundin laƙani da sirrin gida, in kakanku malami ne, ba dole ku bayar ba, kuma kuna da ikon cewa a ɗauki wannan a bar wancan.

Wani lokacin da ake ƙara sa ido shi ne in kujerar dagaci ko ta limanci ta faɗi. A irin wannan lokaci salsaloli sukan yi yawa, kowane ɗaki ya fito da tasa, kowa yana so a ce an ajiye tasa a gidan gwamnati don ya kafa hujja da ita. Ajiye takarda ba amincewa da abin da ke cikinta ba ne, kuma ma'adana ba ta ba da shaidar zama ɗan asalin gari. Wannan aikin ƙaramar hukuma ne, ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi.

Game da tambayarka ta ƙarshe, ko sai ɗan sarauta, a nan kana da gaskiya fiye da yadda ma'aikata za su so su amsa. In ka shiga kowace ma'adana a Arewa, abin da ya fi yawa na nasaba shi ne na masu sarauta da manyan malamai. Yana da dalili. Turawa sun tattara jerin sunayen hakimai da dagatai ne don su san wa za su naɗa da wa za su tuɓe, shi ya sa za ka sami bayanin Sulluɓawa da Yolawa da Joɓawa da Dambazawa, da gidajen sarautar Haɗeja da Gumel da Kazaure, an maimaita shi fayil bayan fayil. Masanan da suka zo a shekarun 1960 kuma rubuce-rubucen jihadi suka fi bi, na Shehu da Abdullahi da Bello da almajiransu. Aiki ne mai kyau, amma ya bar giɓi babba. Ina zuriyar marinan Kura? Ina maƙera da masaƙa da majema, da Agalawan da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja, da Maguzawa, da Fulanin da ke tashi da shanu, waɗanda jangali ne kawai ya san da su? Ma'adanar da ta san abin da take yi a yau tana duba abin da ta riga ta tara, ta ga inda ba ta da komai, ta ba shi fifiko. A wannan ma'auni, littafin bashi na wani falke, ko katin awon gyaɗa, ko littafin sallama na sojan da ya je yaƙin Bama, ko fasfon hajjin wata tsohuwa, ya fi kwafi na goma na jerin sarakunan da kowa ya haddace. Ba kowane ma'aikaci ne ya kai ga wannan fahimta ba, kuma har yanzu wasiƙa mai hatimin sarki tana sa a miƙe tsaye. Amma wanda ka haɗu da shi, tunda rasidin haraji ya tsayar da shi, yana cikin waɗanda suka gane.

Gidajen da ba su da takarda ko ɗaya ma ba a bar su ba, sai dai nasu a baki yake. Tsofaffin mata sun fi maza riƙe wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wace ce aka kawo daga wane gari. Wanzamin gado ya san askar kowane gida a ƙauyen, kuma tsagar fuska da yanzu ake dainawa shaidar asali ce da za ta tafi tare da masu ita. Maroƙa da sanƙirori suna riƙe da jerin iyaye a cikin kirari, ko da yake nasu sai an tace, tunda wanda ya ba da kyauta ba a rage masa kaka. Kaset-kaset ɗin da 'yan ci-rani da mazauna Makka suka riƙa aikowa gida kafin zuwan waya, ana gaishe da kowa da sunansa ɗaki-ɗaki, su ma abin karɓa ne. Hoto kuwa sai in akwai mai iya cewa wannan wane ne. Hoton da ba a san ko su waye a ciki ba, amfaninsa kaɗan ne ga tarihin iyali.

A ƙarshen lissafi akwai abin da ba a son faɗa wa baƙo, wato ƙarfin ma'adanar kanta. Kowace takarda da aka karɓa tana bukatar kwali, da gurbi a kanta, da mai karanta ajami da Larabcin alƙalai da zai rubuta bayaninta, da ɗakin da ba ya yoyo, da maganin gara. Takardar da aka karɓa aka jibge ba a rubuta ta a rajista ba, da ita da wadda ta ɓata duk ɗaya ne, gara ma tana gidanku ana sanin inda take. Saboda haka ake fifita abin da ke cikin haɗari. Garuruwan bakin Kogin Haɗeja, irin su Ringim da Auyo da Miga da Kafin Hausa, inda ambaliyar 2022 ta rushe gidajen ƙasa masu yawa, sun fi bukatar a hanzarta a kansu. Haka ƙauyukan da aka tasa saboda madatsar ruwa, kamar na yankin Tiga a shekarun 1970, inda tsohon garin da maƙabartarsa suke ƙarƙashin ruwa, takarda da bakin tsofaffi kaɗai suka rage. Wannan ƙarancin wuri ne ya sa ɗaukar hoto a bar asali a gida ya zama hanyar da aka fi bi. Babban ɗakin karatu na Ingila ma yana da shiri tun 2004 na tallafa wa irin wannan aiki a ƙasashe daban-daban, kuma ƙa'idarsa ita ce asalin takarda ba ya barin ƙasarsa. Sai dai hoto a waya ba ajiya ba ne. Waya tana faɗawa rijiya, memori yana lalacewa, sai an ajiye kwafi a wuri biyu ko uku.

In za ka bi shawarata, ka fara da tara manyan gidan ku yarda a kan abin da za a bayar da yadda za a bayar. Kada a kai ko takarda ɗaya shagon kwamfuta a liƙe ta cikin leda da zafi. Mutane suna yi da kyakkyawar niyya, amma ledar ba ta ɓaruwa kuma tana cin takardar a hankali. Kada a sa salatif a inda ya yage, kada a bi rubutun da ya dushe da biro. A sa farar takarda tsakanin shafuka, a ɗaga adakar daga ƙasa a ɗora a kan benci nesa da bango, a riƙa buɗe ta ana dubawa lokacin damina.

Salsalar kuma kada ku yar da ita. Ku koma kanta da fensir, a gaban kowane suna ku rubuta daga bakin wa aka ji shi, ku sa alama a kan waɗanda wata takarda ta cikin adakar ta ambata, ku ƙara sunayen iyaye mata da garuruwansu. Ka je wurin gwaggonku mafi tsufa ka ɗauki muryarta a ɗakinta, ba a zaure gaban maza ba, don a can za ta faɗi abin da ba za ta faɗa a taro ba, kuma ka fara da faɗin ranar da sunan garin kafin ta soma magana. In ka koma da wannan tare da adakar, salsalar za ta shiga a matsayin ɓangare na takardun gidanku. Kafin ka bar komai a hannunsu, ka nemi a rubuta jerin abin da aka karɓa ɗaya-ɗaya, da sharaɗin ajiya ko kyauta, da abin da kuka ce a rufe da tsawon shekarun rufewar, a sa hannu da hatimi, kwafi ɗaya a wurinsu, ɗaya a hannun babban gidanku.